Ranar Hoton Zuciyar Suhaila

"Uwarsa ta ce a'a, Suhaila. Aikowa ta yi, ba wai a gari na ji ba."

Yaya Abdussamad ya faɗi maganar yana tsaye a ƙofar kicin, makullin mota a hannunsa, ko zama bai yi ba. Suhaila na yanka tumatir. Ta ajiye wuƙar a hankali, ta goge hannunta a jikin zani.

"Me ta ce, Yaya?"

"Abin da kika sani. Walid shi kaɗai Allah ya ba ta. Ta ce ba don halinki ta ƙi ki ba, amma ba za ta aura wa ɗanta macen da likita ya hana haihuwa ba."

"Ba a hana ni ba. Cewa aka yi in jira."

"A kunnen uwa duk ɗaya ne."

Ta sunkuyar da kai. Shekara uku ke nan da ta haifi 'yarta Sundus. Ba a daɗe da suna ba ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, barci ma sai a zaune. Kakarsu, wadda ta baro Kano zuwa nan ƙasa mai tsarki tun tana amarya, ta ce sanyin jego ne, ta ƙara mata wankan ruwan zafi da kunun kanwa. Sai da ta faɗi a banɗaki aka kai ta asibiti, aka ce zuciyarta ce ta gaji. Ta fito da leda cike da magani. Mijinta Fahad ya yi ɗan haƙurin da zai iya, sannan ya sake ta. Tun daga nan take zaune a gidan yayanta a unguwar Aƙiƙ.

Abdussamad ya matso, ya sassauta murya.

"Alhaji Haladu na Khaibar ya sake yi min magana. Matarsa ta rasu, ga 'ya'ya ya tara, ga gonar dabino. Ya ce shi ba haihuwa yake nema ba, mai riƙe masa gida yake so. Wallahi ba zan tilasta ki ba. Amma ni na ɗauko ki daga banɗakin nan a hannuna, na san abin da na gani. Ba na son in sake gani."

Hawaye ya cika idonta, don ta san ba ƙiyayya ce ke magana a bakinsa ba.

"Na ce su zo ranar Alhamis bayan La'asar su sha gahawa," ya ce. "Kafin nan ki yi tunani."

Yana fita ta shiga ɗaki ta kira Walid. A filin jirgin sama yake aiki, shi ne shugaban masu sauke kayan mahajjata, don haka da ya ɗauka sai da ta jira ƙarar wani jirgi ta wuce.

"Na ji saƙon Ummi," ya riga ta. "Ban san ta aika ba sai da safen nan."

"Walid, ka yi mata biyayya."

"Kada ki fara."

"Ka bar ni in gama, don in na tsaya ba zan iya ba." Ta zauna a bakin gado. "Ban taɓa gode maka yadda ya kamata ba. Ka zo gidan nan wajen Yaya, ka gan ni ina jan ƙafa kamar tsohuwa, ka ga kwalayen magani a kan firij, kuma ka dawo. Kai ka sa na sake duba madubi. Wannan kaɗai ya ishe ni har in mutu. Amma gaskiyar mahaifiyarka ce. Idan na aure ka na kasa ba ka ɗa, za ka yi shiru, na san ka. Shirun nan ne ba zan iya zama da shi ba."

"Kin gama?"

"Na gama."

"To ni ban aiko neman ɗa ba, ke na aiko nema. Idan ya zo, alhamdulillahi. Idan bai zo ba, ga Sundus, tuni take kira na Ammu, kamar baffanta."

Kuka ya ƙwace mata. Ya bar ta ta yi, tana jin ana kiran sunansa da Larabci daga nesa.

"Ranar Alhamis kike da ganin daktora, ko?" ya tambaya.

"Da safe. Za a sake hoton zuciyar."

"Ki bari Ummi ta bi ki. Duk abin da ta sani a kanki daga bakin matan unguwa ta ji. Ta ji daga bakin likita."

"Idan hoton ya fito da muni fa?"

"Sai ta ji gaskiya, ni ma in ji. Amma ba hoton ne zai zaɓa min mata ba."

Ranar Alhamis da hantsi motar Walid ta tsaya a harabar asibitin. Suhaila na jira a inuwa cikin baƙar abaya.

Mahaifiyar Walid, Hajiya Ƙaltume, ta fito daga motar da ƙyar. Doguwar mace ce mai jiki, asalinta Damagaram, kowa a unguwarsu ya san ba ta wuce sallar Azahar da La'asar a Harami. Suhaila ta rusuna, ta gaishe ta da sunan da ake kiran inna da Larabci.

"Ina kwana, Khala."

"Lafiya. Mu je."

Walid ya nufi wajen zaman maza. Su biyun suka kama hanyar shiga, wadda ke da ɗan gangare. Ba su kai rabi ba Hajiya ta tsaya, ta dafa bango tana mai da numfashi, ta yi wani busasshen tari. Idon Suhaila ya sauka a ƙafafunta. Igiyar takalmin ta nutse cikin fata, idon sawun ya ɓace cikin kumburi.

Ta san ƙafafun nan, ta taɓa tafiya da irinsu.

"Khala," ta ce a hankali, "kina iya kwanciya a miƙe, ko sai kin tara matasai?"

Hajiya ta dube ta sama da ƙasa.

"Ni aka zo dubawa ko ke?"

Suka ci gaba da tafiya.

Daktora Hidaya 'yar Hausawan Sudan ce, Hausarta a cakuɗe da Larabci. Ita ta karɓi Suhaila tun ranar farko. Ta auna jininta, ta kwantar da ita a gefen hagu, ta shafa mata wani mai mai sanyi a ƙirji, ta ɗora kan na'urar. A allon sai ga wani abu cikin duhu yana buɗewa yana rufewa. Hajiya Ƙaltume ta ɗan leƙa, sannan ta kau da kai.

Daktora ta daɗe tana aunawa. Suhaila ta rufe ido tana salati.

"Tashi ki zauna," ta ce daga baya, tana murmushi. "Kin yarda in yi magana a gaban Hajja?"

"Don haka ta zo."

"Tayyib. Lokacin da aka kawo ki, a kowane bugu zuciyarki kashi ashirin da biyar cikin ɗari na jinin da ke cikinta take iya turawa. Lafiyayya tana tura sama da hamsin. Bara kin kai arba'in. Yau hamsin da biyu."

Suhaila ta rufe baki da tafin hannu. Hawaye suka zubo, ta kasa cewa komai sai alhamdulillahi, tana ta maimaitawa.

"Ki gode wa Allah, ki kuma gode wa kanki," in ji Daktora. "Ba ki taɓa tsallake magani ba."

Hajiya Ƙaltume ta gyara zama.

"Ni tambayata ɗaya ce, likita. Za ta haihu ko ba za ta haihu ba?"

"Haihuwa ta Allah ce, ya Hajja. Zan gaya miki abin da na sani. Ciwon nan yana kama wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Ba mu san dalilinsa duka ba, amma hawan jini lokacin ciki yana cikin abin da ke jawo shi, gishiri da kanwa kuma suna tara ruwa a jiki su ƙara wa zuciya nauyi. Yana iya dawowa da wani cikin. Ga wadda zuciyarta ta murmure kamar Suhaila haɗarin ya ragu ƙwarai, amma bai tafi ba."

"To?"

"Ta jira shekara, mu sake hoto. Cikin magungunanta akwai mai sassauta jijiyoyin jini, shi yana cutar da ɗan ciki, dole mu canja shi kafin ta ɗauka. Mai rage saurin bugun zuciya za ta ci gaba da shi. Idan ta samu cikin, a hannunmu za ta yi rainonsa har ta sauka."

"Wato babu tabbas."

"Babu tabbas."

Hajiya ta jinjina kai kamar wadda ta samu abin da ta zo nema. Ta dafa kujera za ta miƙe.

Suhaila ta san idan ta yi magana za a ce rashin kunya ce, ko ramuwa. Ta san ɗan guntun fatan da ya rage mata zai iya tafiya a nan. Sai ta sake duban ƙafafun.

"Daktora, don Allah ki auna Khala."

"Ke!" Hajiya ta juyo da idanu jajur.

"Ki yi haƙuri, Khala, ki yi min duk faɗan da za ki yi daga baya. Daktora, ta kasa hawa gangaren ƙofa sai da ta huta. Tana tari. Ki dubi ƙafarta."

Daktora Hidaya ta riga ta taso. Ta durƙusa, ta danna yatsa a ƙwaurin Hajiya, ta ɗaga. Ramin yatsan ya zauna bai cike ba. Murmushin fuskarta ya ɗauke. Ta naɗa mata ma'aunin jini a hannu, ta auna, ta jira, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

"Ɗari da casa'in a kan ɗari da goma," ta ce. Ta sa abin sauraro a bayanta. "Ja numfashi. Ƙara. Hajja, akwai ruwa a huhunki. An taɓa ce miki kina da hawan jini?"

Hajiya ta ce, "An taɓa. Da daɗewa."

"Ina maganin?"

"Na bari." Muryarta ta yi ƙasa. "Fitsari yake sa ni. In yi alwala a gida, in samu wuri a Harami, kafin a tayar da salla ya matse ni. Ga banɗakin can ƙasa, kafin in je in dawo an cike wurina. Kuma ni ba inda yake min ciwo. Gwiwa ce kawai, ita ma ina sayen ƙwaya a kemis."

"Hawan jini yawanci ba ya ciwo, shi ya sa yake cin mutane. Jijiyoyi sun matse, zuciya na turawa da ƙarfi shekara da shekaru, ta yi kauri, daga baya ta gaji. Da ta gaji sai ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Ƙwayar gwiwar nan ma tana riƙe ruwa, tana ƙara hawan. Yau ba za ki koma gida ba."

"La'asar fa?"

"A gado za ki yi ta, Allah ya sani."

Kafin Azahar an kwantar da Hajiya a ɗakin mata. Aka sa mata iskar taimakon numfashi a hanci, aka yi mata allurar fitar da ruwa, aka ɗebi jini don duba ƙoda, aka manna mata wayoyin awon bugun zuciya. Walid ya shigo a rikice, ya riƙe hannun uwarsa yana tambayar Daktora da Larabci, ita kuma tana kwantar masa da hankali. Aka tura shi ya ɗebo mata kaya a gida.

Suhaila ba ta tafi ba, kuma ba wanda ya ce ta zauna.

Allurar ta fara aiki. Duk lokacin da Hajiya ta motsa, Suhaila za ta miƙe ta kama ta, ta raka ta banɗaki, ta dawo da ita, ta ɗaga mata kan gadon yadda ta san numfashi ya fi sauƙi. Sai a wata dawowar Hajiya ta ja numfashi mai tsawo, ta tsaya kamar mai sauraron wani abu.

"Ya shiga har ƙasa," ta ce. "Rabona da jin haka tun kafin azumi."

"Haka na ji ranar farko, Khala. Kamar an sauke min buhu daga ƙirji." Ta gyara mata bargo. "Maganar Harami kuma, lokacin da nake shan na fitsarin, bayan Asuba nake sha. Kafin Azahar ya gama aikinsa. Ki gaya wa Daktora, za ta tsara miki lokacin. Ba sai kin bar ɗaya don ɗaya ba."

Hajiya ta dube ta.

"Zauna nan kusa."

Ta zauna a bakin gadon.

"Kina ganin jikoki nake wa kuka, ko? Kowa haka yake gani, har Walid." Ta share gefen ido da mayafi. "Ina da yaya, Tasallah. Uwa ɗaya uba ɗaya. Ta haihu a Damagaram ina 'yar budurwa. Bayan suna ta kumbura, ba ta iya kwanciya, a zaune take kwana tana jingine da ni. Aka ce sanyi ne, aka yi ta ba ta kunu. A jikina ta cika. Mijinta kuwa bai sake zama mutum ba, haka ya yi ta yawo a gari yana magana shi kaɗai. Ranar da aka ba ni labarin ciwonki, fuskar mutumin nan na gani a kan ɗana."

Suhaila ta kama hannunta, su biyun suna kuka.

"Ban sani ba, Khala. Allah ya ji ƙanta."

"Amin. Ɗazu da ake nuna zuciyarki a allo na kasa kallo. Cewa nake, da Tasallah ta samu wannan, da ta samu ƙwayoyin nan naki, da yanzu tana nan da jikokinta."

"Khala, ina so ki sani, ban yi maganar ɗazu don ki amince da ni ba. Daktora ba ta canja abin da ta faɗa ba. Wataƙila in haihu, wataƙila ba zan haihu ba."

"Na sani. Mai neman yardata shiru za ta yi, kin ga irin hararar da na yi miki." Ta yi 'yar dariya cikin hawaye. "Ki dubi ikon Allah. Na taso da ƙafata in ji abin da zan ƙi ki da shi, ashe raina aka kawo ni a ceta. Na gode, Suhaila. Allah ya saka miki, ya raya miki Sundus."

"Ni ce da godiya da kika yarda kika zo."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Walid ne da jaka a hannu, idanunsa sun yi ja. Ya ga hannun uwarsa cikin na Suhaila, ya tsaya a bakin ƙofar ya kasa shigowa.

"Daktora ta gaya min wanda ya fara gani," ya ce. "A gida ɗaya nake da ita, kullum ina ganin ƙafar nan, na ɗauka tsufa ne. Suhaila, ban san da wane baki..."

"Kada ka ce komai."

Daga masallacin asibitin aka fara kiran La'asar. A daidai nan wayar Suhaila ta yi ƙara. Ta duba. Ta manta sam.

"Yaya ne," ta ce. Ta ɗauka.

"Kina ina?" Muryar Abdussamad ta fito har Hajiya na ji. "Mutanen Khaibar sun iso tun kafin lokaci. Alhaji Haladu da ƙannensa suna falo."

Walid ya ajiye jakar a ƙasa. Hajiya Ƙaltume ta miƙa hannu.

"Ba ni."

Ta zare robar iskar daga hancinta, ta kara wayar a kunne.

"Abdussamad, Ƙaltume ce, uwar Walid. Ina kwance a asibiti, ƙanwarka ce a kaina. Saƙon da na aiko maka na janye shi. Ka yafe min. Da an sallame ni zan turo kawunsa."



"Allah ya ba ki lafiya, Hajiya. Amma mutane sun taso tun daga Khaibar a kan maganata. Me zan ce musu?"

"Wannan ba ni ce mai amsa ba."

Ta miƙa wa Suhaila wayar. Suhaila ta karɓa da hannu biyu. Ta dubi Walid, shi kuma ya sunkuyar da kai, ya bar mata zaɓin.

"Yaya, hoton ya yi kyau. Hamsin da biyu."

Ta ji ya sauke ajiyar zuciya, ya yi hamdala can ƙasa-ƙasa.

"Ka karrama su, ka gode wa Alhaji Haladu, bai neme ni da sharri ba. Amma don Allah kada ka amsa masa."

"Ba kya tsoro, Suhaila?"

"Ina tsoro, Yaya. Zan jira shekarar da aka ce, zan sha maganina, duk abin da Daktora ta ce shi zan yi. Kai ka ɗauko ni ranar nan, ban manta ba, kuma ba zan yi wasa da ran da ka ɗauko ba. Amma Walid nake so."

Tunda take ba ta taɓa faɗin haka a gaban kowa ba. Kunya ta rufe ta, ta ja mayafi ta kare fuska.

Tana jin ƙarar kofunan gahawa da muryoyin baƙi a bayan Abdussamad.

"Yana nan kusa?" ya tambaya.

"Yana nan."

"Ba ni shi."

Walid ya karɓi wayar, ya fita baranda ya ja ƙofa. Ta cikin gilashin Suhaila na hango shi yana sauraro, kansa a ƙasa, ba ta iya gane ko alheri ake gaya masa ko akasinsa.

Hajiya Ƙaltume ta taɓa gwiwar hannunta.

"Bar su su yi ta maza. Kama ni in tashi, 'yata, allurar nan ba ta gama da ni ba."